Nasabar karfasa a cikin DNA: yadda ake gano ta, da inda ake tuntuɓe

Idan masunci ya juye kamunsa a bakin Gulbin Rima, wajen Kwalkwalawa ko Kware, mai saye zai ce karfasa ce duka, wani ya ce gargaza, a yi ciniki a wuce. Amma a zaɓi uku a jera su a kan tabarma a dube su da kyau. Ta farko wutsiyarta na da baƙin ratsi a tsaitsaye, a jere kamar an ja su da alƙalami. Ita ce Oreochromis niloticus. Ta biyu fara-fara ce, jiki faffaɗa, baki ƙarami, wutsiya ba ratsin nan. Sarotherodon galilaeus ke nan. Ta uku ƙirjinta da cikinta ja-ja ne, musamman lokacin ƙwai; sunanta Coptodon zillii. A ɗaga marfin kunnen kowacce a ƙirga 'yan tsinkayen tace abinci da ke jere a ƙasan baka na farko na abin numfashinta: na zillii ba sa wuce 8 zuwa 12, na sauran biyun sukan kai 20 ko fiye. Renonsu ma daban. Macen niloticus ita kaɗai ke ɗaukar ƙwai a baki har ya ƙyanƙyashe. A wajen galilaeus namiji da mace duk suna ɗauka. Zillii kuwa gurbi take sharewa a ƙasan ruwa, ta zuba ƙwai, uwa da uba su tsaya gadi.

Duka ukun 'yan gida ɗaya ne, gidan da masana ke kira Cichlidae, mu ce sikilid. Jinsunan gidan da aka riga aka raɗa wa suna sun haura 1,700, a Afirka, da Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, da Madagaska, da kudancin Indiya da Siri Lanka, da wani yanki na Gabas ta Tsakiya. Ana gane ɗan gidan da ƙofar hanci ɗaya a kowane gefe, alhali yawancin kifaye biyu-biyu ke gare su, da layin gefe wanda ya katse gida biyu, da kuma muƙamuƙi na biyu a maƙogwaro mai niƙa abinci. Tambayar ita ce wa ya fi kusa da wa, kuma wane reshe ya fara ballewa.

An daɗe ana amsa ta da ido da ma'auni. A 1983 Ethelwynn Trewavas ta gidan adana kayan tarihin halittu na Landan ta fitar da babban aikinta, inda ta ware Oreochromis da Sarotherodon daga Tilapia bisa yadda kowacce ke renon ƙwai, tare da siffar ƙashi da haƙora. Masu zuba ƙwai a ƙasa suka ci gaba da amsa sunan Tilapia. Sai a 2013 Andreas Dunz da Ulrich Schliewen na Jamus suka nuna da DNA cewa waɗanda aka bari a ƙarƙashin wannan suna ba tsatso ɗaya ba ne, tarkace ne na rassa dabam-dabam. Aka bar sunan ga wasu 'yan jinsuna irin su Tilapia sparrmanii ta kudancin Afirka, zillii tamu ta koma Coptodon. Har yau ana ganin "Tilapia zillii" a kundin ɗalibai, kuma wanda ya nemi bayanan kifin da suna ɗaya kawai zai rasa na ɗayan.

Siffa tana yaudara saboda sana'a ɗaya kan ƙera jiki iri ɗaya. A Tafkin Tanganyika akwai Lobochilotes mai kaurin leɓe, mai zuƙo ƙwari daga tsagar dutse. A Tafkin Malawi akwai Placidochromis milomo mai irin leɓen. Akwai Cyphotilapia mai ƙullutun goshi a Tanganyika, akwai Cyrtocara mai irinsa a Malawi. Wanda ya gani zai rantse wa da ƙane ne. Thomas Kocher da abokan aikinsa suka nuna a 1993 cewa kifayen Malawi, duk bambancin kamanninsu, sun fi kusa da junansu a kan masu kama da su na Tanganyika. Kowane tafki ya fitar da nasa mai leɓe, da nasa mai kankare gansakuka, da nasa mafarauci. Kama da wane ba ta wane, in ji Hausawa.

Hikimar aikin ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san tsoffin littattafan hannu na Sakkwato. A ce an sami kwafe biyar na littafi ɗaya. Uku daga ciki sun tsallake kalma ɗaya a wuri ɗaya, biyu daga ukun nan kuma sun ƙara wani kuskuren ɗigo iri ɗaya. Ba sai an ga marubutan ba, za a san ukun daga kwafi guda suka samo asali, biyun kuma sun fi kusa. Kuskuren da aka gada tare shi ne shaidar nasaba. Daidaito a inda ba a yi kuskure ba bai nuna komai ba. DNA rubutu ne da haruffa huɗu, A da C da G da T, ana kwafarsa daga iyaye zuwa 'ya'ya, can ba a rasa ba harafi ya sauya. Na karfasa ya kai kimanin haruffa biliyan 1, a cikin tagwayen ƙunshi 22 da ke cibiyar kowace ƙwayar halitta. Ban da shi akwai wani ɗan ƙaramin zobe mai haruffa kusan 16,600 a cikin mitokondiriya, wato 'yan sassan ƙwayar halitta masu samar mata da ƙarfi, kuma ana gadon zoben daga uwa kaɗai. A riƙe wannan maganar ta uwa, za a dawo kanta.

A bakin ruwa ake cin nasara ko a faɗi

Yawancin aikin da ya lalace, tun ranar ɗaukar samfuri ya lalace, sai dai ba a sani ba sai bayan an kashe kuɗin kayan ɗakin gwaji. Kifin ya zama mai rai ko wanda bai daɗe da mutuwa ba. Wanda ya yini a tire cikin ranar Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, DNA ɗinsa ya fara kakkaryewa. Na banda kuwa wuta da hayaƙi sun riga sun yi masa illa. Kafin a taɓa shi da almakashi, a kwantar da shi kansa na duban hagu, a baje fikafikansa, a ajiye rula da lambarsa a gefe, a ɗauki hoto, don launi yana gushewa cikin mintuna. Sannan a yanki fiffiken gefen dama ko gefen wutsiya, gwargwadon rabin farcen ɗan yatsa, kamar milimita 5 zuwa 10 kowane gefe. Ana barin ɓangaren hagu lafiya domin shi ake aunawa.

Yankin ya shiga 'yar kwalbar roba mai mililita 2, mai murfin murɗawa da zoben roba, cike da itanol mai ƙarfin kashi 96 zuwa 99 cikin ɗari. Itanol ya ninka naman sau 10 aƙalla. Nan ne mutane ke kuskure da zaton yawan nama shi ne alheri: tsoka mai yawa tana sakin ruwanta, ta tsinka itanol ɗin, ta ruɓe a ciki. Bayan awa 24 a zubar da na farko a zuba sabo. Sifirit ɗin da ake saye a kyamis bai dace ba, domin sau da yawa an tsinka shi ko an gauraya shi da wasu abubuwa. Murfin da ake dannawa ma bai dace da ƙasarmu ba, zafi na sa itanol ya tsere a bar busasshen fiffike. Lamba a rubuta ta da fensir a 'yar takarda a jefa cikin kwalbar, a kuma rubuta a waje. Tawadar biro da ta maka itanol na wanke su tas. Tsakanin kifi da kifi a tsoma almakashi a ruwan bilic mai kashi 10, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a goge. Idan majinar kifi na 6 ta bi almakashi zuwa na 7, sakamakon zai fito a cakuɗe.

Gangar jikin kifin kuma, aƙalla biyu ko uku daga kowane jinsi a kowane wuri, a ajiye su shaida: fomalin mai kashi 10 na kamar mako guda, a jiƙa a ruwa, a mayar cikin itanol mai kashi 70. Sharaɗin shi ne a yanki fiffike kafin fomalin ya taɓa kifin, saboda fomalin yana ɗaure DNA da furotin ya kakkarya shi. A rubuta wurin da GPS, da ranar, da irin ragar da aka yi kamun. A kuma tambayi masuncin ainihin inda ya kama, cikin girmamawa, don kifin da aka saya a kasuwar Sakkwato yana iya zama daga Goronyo, ko Bakolori, ko Yawuri, ko ma kududdufin kiwo. Wannan na ƙarshen ya fi haɗari, domin irin kiwo sau da yawa gauraye ne na zuri'o'in wasu ƙasashe, kuma ambaliya kan kwashe shi zuwa gulbi. Firiza mai digiri 20 ƙasa da sifiri ita ce ma'ajiya, amma inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, daskarewa da narkewa a kai a kai sun fi ɓarna ga DNA da aka riga aka tace. A rarraba shi ƙananan kwalabe, a riƙa fito da ɗaya.

A ɗakin gwaji hanyar sananniya ce, ba sai an tsawaita ba. A ɗebi ɗan yanki kamar ƙwayar gero biyu, a bar itanol ya bushe sarai, don ragowarsa na hana sinadarin narkarwa aiki. A narkar da shi da proteinase K, sinadari mai narkar da furotin, a digiri 55 zuwa 56, awa 3 ko a bar shi ya kwana. A tace da 'yan bututun kamfani, ko da hanyar gishiri wadda ta fi araha kuma tana isa ga wannan aiki. A na'urar awo da haske, rabon 260 da 280, wanda ke nuna tsabtar DNA, ya tsaya kusa da 1.8. Amma na'urar ba ta gane karyayyen DNA, don haka a gudanar da shi a jel ɗin agaros mai kashi 1: layi ɗaya mai kauri a sama lafiya ke nan, dogon shafe har ƙasa kuwa alamar ya rududduge.

Sai ninkawa da PCR, hanyar da na'ura ke kwafar wani zaɓaɓɓen yanki na DNA, wato gurbi, sau miliyoyi. Gurbin da aka fi farawa da shi shi ne COI na mitokondiriya, haruffa kusan 650, da 'yan sandunan farawa, wato gajerun DNA masu nuna inda za a kwafa, FishF1 da FishR1 waɗanda Robert Ward da abokansa suka wallafa a 2005. A cikin maikurolita 25: 12.5 na haɗaɗɗen ruwan kamfani, 0.5 zuwa 1 na kowace sandar farawa, DNA kamar nanogiram 20 zuwa 50, a cike da ruwa. Minti 2 a digiri 95, sannan zagaye 35 na daƙiƙa 30 a 94, daƙiƙa 30 a 54, minti 1 a 72, a rufe da minti 10 a 72. Kullum a sa kwalba ɗaya da ba DNA a ciki sai ruwa. Idan layi ya fito a cikinta, an sami gurɓata, duk na ranar a zubar. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar zagaye a sake daga farko, shi ya sa na'urar ke bukatar inbata ko batirin tsaro. Idan ba abin da ya fito alhali DNA na da kyau, a tsinka shi sau 10 a sake. Sau da yawa datti ne ya yi yawa, ba DNA ne ya yi kaɗan ba. Ga nasabar sikilid, ND2, wani gurbin mitokondiriya mai haruffa 1,047, ya fi COI bayani, kuma an tara shi da yawa daga jinsunan Afirka, don haka akwai abin kwatantawa.

Idan aka aika abin da aka ninka wurin karatun haruffa, sakamako ya dawo, kada a wadatu da rubutaccen jerin. A buɗe hoton tsaunukan nan masu launi huɗu a duba da ido. Haruffa 30 zuwa 50 na farko da na ƙarshe yawanci hayaniya ce, a yanke. A karanta ta gaba da ta baya a haɗa. A gurbin mitokondiriya bai kamata a ga tsauni biyu a wuri ɗaya ba. Idan sun yi yawa, ko samfuri biyu sun gauraya, ko an ninka wani tsohon kwafin gurbin da ya ɓata ya shige DNA na cibiya. Hanyar kama shi ita ce a fassara jerin zuwa furotin da ƙa'idar mitokondiriyar dabbobi masu ƙashin baya, wato jadawali na 2. Alamar tsayawa a tsakiya, ko gibin harafi ɗaya ko biyu, na nufin jerin ba na gaskiya ba ne. Harafi ɗaya da aka karanta ba daidai ba ƙaramin abu ne a wasu dabbobi, amma a kifayen da bambancinsu duka haruffa uku ne ko huɗu, ya isa ya ƙirƙiro reshen da babu shi.

Daga nan a jera su harafi a kan harafi da manhajar MAFFT ko MUSCLE, a sake dubawa da ido. A zaɓi bare, wato jinsin da aka tabbata yana wajen waɗanda ake bincike, don shi ke nuna inda saiwar bishiyar nasaba take. Ga karfasarmu Hemichromis ko Tylochromis sun dace. Ga sikilid na Afirka baki ɗaya akan ɗauki wani na Amurka ta Kudu, ko Heterochromis multidens na Kwango wanda reshensa ya balle tun kafin na sauran. Sa tarwaɗa a matsayin bare kuskure ne da ake yawan gani. Ta yi nisa ƙwarai, haruffan da ke saurin sauyawa sun sauya sun sake sauyawa har kamannin ya zama na dace, sai dogon reshenta ya jawo duk wani dogon reshe zuwa gindin bishiya. Manhajar IQ-TREE za ta zaɓi tsarin sauyin haruffa da kanta ta gina bishiyar. Lambobin da ke kan rassa gwajin ƙarfi ne: a tsohon gwaji mai maimaici 1,000 akan amince da 70 zuwa sama, a gwajin gaggawa na IQ-TREE sai 95, kuma mutane da dama na rikita ma'aunan biyu. Reshen da bai kai ba a ɗauke shi a matsayin ba a sani ba, kada a gina labari a kansa.

Dangin uwa kaɗai

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci ga mai aiki da kifin Rima. Ɗalibi ya kamo niloticus sak, ratsin wutsiya da komai, ya karanta COI, ya sa a BLAST, manhajar da ke nemo jerin da ya fi kama da nasa, sai amsa ta fito Oreochromis aureus, wani jinsin karfasa daban, kusan ɗari bisa ɗari. Sai ya rubuta cewa DNA ya gyara kuskuren ido, ko ya ce ya gano aureus da ba a sani ba. Duka biyun na iya zama kuskure. A 2003 Rognon da Guyomard na Faransa suka kwatanta jinsunan biyu daga wurare da dama. Alamomin cibiya sun yi daidai da siffa, niloticus daban, aureus daban. Amma mitokondiriya ta raba su wata irin rabawa: niloticus na gabashin Afirka a gefe ɗaya, aureus duka tare da niloticus na Afirka ta Yamma a ɗaya gefen. Bayanin shi ne a wani zamani can baya matan aureus sun hayayyafa da mazan niloticus, 'ya'yansu mata suka ci gaba da hayayyafa da mazan niloticus zuri'a bayan zuri'a, har DNA na cibiya ya koma na niloticus kusan duka, zoben nan na uwa kuwa ya zauna yadda yake. Kamar a tambayi mutum asalinsa a bi ta uwa, da kaka ta wajen uwa, da uwar kaka, a manta da kowa. Abin da aka samu gaskiya ne, amma layi ɗaya ne daga cikin dubbai.

Saboda haka a ganina duk binciken karfasa a ƙasar Hausa da ya tsaya a kan mitokondiriya kaɗai bai kammala ba, kome yawan samfurinsa. Mafi ƙarancin gyara shi ne a ƙara gurabe biyu ko uku na cibiya, irin su S7 (yankinsa da ake kira intron na farko) da RAG1, a gina bishiyar kowanne daban kafin a haɗa. A guraben cibiya tsauni biyu a wuri ɗaya ba laifi ba ne, na uwa ne da na uba, kuma idan suka faɗo daidai wuraren da jinsuna biyu suka bambanta, wannan kifin ruwa-biyu ne. Ga kuma wata matsalar: GenBank, rumbun intanet da masu bincike ke ajiye jerin DNA, ba ya tantance sunan da mai ajiya ya rubuta, kuma akwai jerin karfasa da yawa a ciki masu sunan da ba nasu ba. A fifita waɗanda ke da lambar kifin shaida da sunan wurin kamu.

Manyan tafkunan gabashin Afirka su suka koya wa duniya girman wannan matsala. A 1990 Axel Meyer da abokansa suka karanta haruffa 803 na mitokondiriya daga jinsuna 14 na Tafkin Biktoriya, suka tarar bambancin da ke tsakaninsu bai kai wanda ke tsakanin 'yan Adam ba. A 1996 binciken lakar ƙasan tafkin ya nuna ya taɓa ƙafewa kimanin shekaru 15,000 da suka wuce. Ke nan jinsuna wajen 500 sun fito cikin ɗan wannan lokaci, ikon Allah. Da yawansu kuma sun ɓace a shekarun 1980 bayan giwan ruwa, wanda aka saka a tafkin a shekarun 1950, ya yawaita. Shi ne dai kifin da ake alfahari da kamunsa a Argungu. A rabuwa mai sauri irin wannan, gurbi ɗaya ba ya iya faɗin komai, saboda dalili biyu. Na ɗaya, a koma misalin littafi: tsohon gida na da karatu biyu na kalma ɗaya suna yawo a cikinsa, 'ya'ya uku suka ware gidajensu a kusa-kusa, na fari da auta suka riƙe karatu ɗaya, na tsakiya ya riƙe ɗayan, ba don na fari da auta sun fi kusa ba, dace ne kawai. Na biyu shi ne auratayya bayan rabuwa, kamar marubucin da ya ajiye kwafe biyu a gabansa yana ɗiba nan yana ɗiba can.

Maganin shi ne yawan shaidu. A 2013 Catherine Wagner da abokanta suka yi amfani da hanyar RAD, wadda ake yanka DNA da wani sinadari mai yanka a wurare sanannu a karanta gefen kowane yanka, dubban gurabe a lokaci guda, sai jinsuna 16 na Biktoriya suka rabu tsaf, kowanne a reshensa. A 2014 aka wallafa cikakken DNA na sikilid biyar, har da niloticus, wanda ya zama ma'aunin da ake jera sauran a kansa. A 2017 Joana Meier da ƙungiyar Ole Seehausen suka nuna cewa kifayen yankin Biktoriya sun samo asali ne daga gamuwar zuri'a biyu, ɗaya ta Kwango ɗaya ta saman Nilu, kuma wannan gaurayar ce ta ba su jarin bambanci, har da na gurbin ganin launi. A 2018 Milan Malinsky da abokansa suka karanta cikakken DNA na kifi 134 daga jinsuna 73 na Malawi: bambancin jinsi da jinsi kashi 0.1 zuwa 0.25 ne cikin ɗari, kuma babu bishiya guda da ta dace da dukkan sassan DNA ɗin. A 2021 Fabrizia Ronco da ƙungiyar Walter Salzburger ta Basel suka yi wa kusan dukkan jinsuna 240 na Tanganyika, inda rabuwar ta faro kimanin shekaru miliyan 10 baya, don haka rassan suka fi fitowa sarai.

Yadda ake bambanta dace da auratayya abu ne mai sauƙin fahimta. A ɗauki jinsuna uku da bare ɗaya, na ɗaya da na biyu 'yan'uwan juna, na uku ɗan nesa. A ƙirga wuraren da na biyu ya yi tarayya da na uku a sabon harafi ban da na ɗaya, a kuma ƙirga inda na ɗaya ne ya yi tarayya da na ukun. Idan dace ne, ƙidayar biyu za su zo kusan daidai. Idan ɗaya ta rinjaya ƙwarai, an yi auratayya. Wannan shi ake kira gwajin ABBA-BABA, manhajar Dsuite na yin sa, kuma akan nemi makin Z, ma'aunin ƙarfin rinjayen, ya haura 3. Tarkonsa shi ne a haɗa samfurin da aka karanta sau 5 da wanda aka karanta sau 30, ko waɗanda aka yi a ɗakunan gwaji dabam-dabam: kurakuran na'ura iri ɗaya sai su yi kama da gado. A nemi zurfin karatu sau 10 zuwa 15 ga kowane kifi, a gauraya jinsuna da wurare a kowane zubi. Haka nan idan aka jera zillii a kan ma'aunin niloticus, sassan da suka fi bambanta ba sa mannuwa, sai nisan da ke tsakaninsu ya fito ƙasa da yadda yake. A lura kuma, idan aka haɗe dubban gurabe wuri ɗaya, kowane reshe kan sami 100 ko da ba daidai ba ne. Shi ya sa ake gina bishiyoyin gurabe daban-daban a tara su da manhajar ASTRAL, a duba kashi nawa ne suka goyi bayan kowane reshe.

Sa wa bishiya shekaru wani aiki ne daban, kuma nan gardama ta fi zafi. An daɗe ana cewa sikilid na Afirka da na Amurka ta Kudu sun rabu ne lokacin da nahiyoyin biyu suka tsage, kimanin shekaru miliyan 100 baya. Amma tsofaffin ƙasusuwan sikilid da aka tono, Mahengechromis na Tanzaniya, shekarunsu kimanin miliyan 46 ne, kuma lissafin Michael Matschiner da abokansa na 2020 ya sa rabuwar a wajen miliyan 60, bayan teku ya riga ya shiga tsakani. Wanda ya ɗaure agogonsa da tsagewar nahiya zai sami kowace rabuwa ta tsufa kusan ninki biyu. Duk shekarar da aka gani a kan reshe, a tambayi da me aka ɗaure agogon.

Danginmu na kusa ma sun shiga wannan tarihi. A Kamaru akwai Barombi Mbo, ɗan tafki a bakin tsohon dutse mai aman wuta, mai jinsuna 11 da babu su ko'ina, da Tafkin Bermin mai jinsuna 9. Schliewen da Tautz da Pääbo suka nuna a 1994 cewa na Barombi Mbo daga zuri'ar Sarotherodon galilaeus suke, farar karfasar nan ta kan tabarma, na Bermin kuma daga Coptodon. Da aka sake dubawa da dubban gurabe a 2015, sai aka ga alamun kifin kogunan kewaye ya sake shigowa ya gauraya da su fiye da sau ɗaya.

Aikin da ya dace da ɗalibin digiri na biyu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo bai kai girman waɗannan ba, kuma ba ya bukatar ya kai. Wurare huɗu sun isa: saman dam ɗin Goronyo, da Kware, da Kwalkwalawa, da ƙasa wajen Argungu, a ƙara kududdufin kiwo ɗaya ko biyu don kwatance. Kifi 10 zuwa 15 na kowane jinsi a kowane wuri idan ana son ganin bambancin cikin jinsi. 3 zuwa 5 sun wadatar idan nasabar jinsuna kawai ake nema. ND2 da S7 ga kowa, ƙidayar tsinkayen tacewa da hoton wutsiya ga kowa, sannan a ware DNA mai kyau na kamar kifi 30 a firiza don ranar da aka sami kuɗin RAD. Idan za a aika samfuri ƙasar waje, a fara da takardun izini da yarjejeniyar mallaka tun kafin a je bakin ruwa, don mujallu da yawa na tambayarsu. Lokacin ajiye jerin a GenBank ko makamancinsa BOLD kuma, a cike kowane gurbi: lambar kifin shaida da ɗakin da yake ajiye, sunan gulbi da ƙauye, lambobin GPS, ranar kamu, da sunan wanda ya tantance jinsin da irin alamar da ya dogara da ita.